Kada Ki Dawo Saboda Kwamfutar Shago

Kamazou, Kaduna

Zuwa ga 'yata Saratu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kin huta gajiyar hanya, ƙafafun nan naki da ke kumbura in kin daɗe a mota sun sace. Allah da ya fitar da ke daga ƙofar gidan nan lafiya ya kai ki Fatakwal, shi ya tsare shigarki da fitarki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da mugun ji da mugun gani. Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwar nan da kika sani.

Kin san ni da waya. In kin kira, daga "lafiya lau" sai "kin ci abinci" ke fita daga bakina, sai kin kashe sannan maganar gaske ta zo mini. Shi ya sa na zauna na rubuta. Madam Rahila maƙwabciyarmu za ta zo can sarin kaya, ita za ta kawo miki.

Maganar da kika faɗa a tasha ce ta hana ni sakat. Kin riga kin shiga mota, kika leƙo ta taga kika ce, "Baba, in manyan ayyukan nan sun gagare ka, ka faɗa mini. Zan ba su haƙuri in dawo, aiki ba ya ƙarewa a duniya." Na ga fuskarki, na san ba wasa kike yi ba. To, masu gidan buga hotunan nan gwaji suka ɗauke ki, kuma ƙarshen shekara ne lokacin da suka fi bukatar hannu. In kika juyo a lokacin, wani za su ba kujerarki, ba za su jira ki ba. Saboda haka abin da nake so in faɗa miki ɗaya ne: kada ki dawo saboda kwamfutar shago. Amma na san taurin kanki, a wurina kika gaje shi, ba za ki yarda ba sai na ba ki labarin daga tushe. Zan faɗa kamar ba ki san komai ba, ki yi haƙuri da tsoho.

Kina sakandare lokacin da zumuntar mata na cocinmu suka kawo mini aikin fileks, babban allon hoton nan na leda, na taronsu na shekara. Babba suke so, wanda zai rufe bangon gaba, da hoton kowace mace cikin ankonta. Kin san yadda muke yi, a yanko kowane mutum daga hotonsa a ɗora shi kan leya tasa daban, kamar takardu masu shara-shara da aka jera wani kan wani, don a iya matsar da kowa ba tare da an taɓa ɗan'uwansa ba. Ban kai rabin matan ba manhajar gyaran hoto ta fara jan ƙafa, can sai ta turo ɗan akwatin nan mai cewa ram bai isa ba. Na ce to, abu mai sauƙi. Ram shi ne teburin da kwamfuta ke baza aiki a kai, in tebur ya yi kaɗan sai a ƙara. Washegari na ɗauki injin na ƙetare gada na tafi Tudun Wada wurin Malam Nasiru mai kayan kwamfuta, na ce ya mayar mini da ram ɗin daga giga huɗu zuwa takwas.

Yana kwance murfin ya ce, "Oga Yohanna, wane sistem ne a kan injin naka?"

Na ce, "Kai dai sa mini kaya, mata na jira na."

Ya sa, na kinkimo abina na dawo ina jin kaina. Na kunna, na buɗe aikin, na ƙara mace biyu, akwatin nan ya sake fitowa kamar ban je ko'ina ba. Na duba bayanin injin, uku da ɗoriya ne wai ke aiki. Raina ya ɓaci. Na koma Tudun Wada, tun daga bakin ƙofa na fara, ga mutane cike da shagon. Na ce, "Malam Nasiru, ashe haka kake? Na yarda da kai ka sayar mini da jabu?"

Bai ɗaga murya ba. Ya zare ram ɗin ya sa a nasa injin, ya juyo mini da fuskar kwamfutar, takwas cif. Sannan ya ce, "Kayana lafiya suke, Oga. Sistem ɗinka mai bit talatin da biyu ne. Kowane gurbi a cikin ram yana da lambarsa, da lambar sistem ke nemo shi, shi kuma wannan lambobinsa a giga huɗu suke ƙarewa. Ko buhun ram ka zuba masa ba zai ga sauran ba. Cikin huɗun ma injin na cinye wani, ita kuma manhajar hotonka abin da ake yanka mata bai wuce biyu ba. Kamar ka ƙara gina ɗakuna ne a gidan haya, amma makulli huɗu ne kawai a aljihun mai gadi."

Na ce, "To mene ne maganin?"

Ya ce, "A sauke shi a ɗora mai bit sittin da huɗu, ita ma manhajar a sa irin tasa. Injinka zai ɗauka, na duba. Amma sai an yi fomat, an goge komai an fara sabo."

Kunya ta rufe ni. Na ba shi haƙuri a hankali, alhali zagin da ƙarfi na yi shi, kuma na dawo ban yi abin da ya ce ba. Saratu, a wurin aikinki za su ba ki inji mai kyau, wata rana shi ma zai tsaya. Kafin ki ce a ƙaro wani abu, ki fara gano inda iyakar take, ko a ram, ko a sistem, ko a manhajar kanta. In wanda ya san aikin ya yi miki tambaya, ki tsaya ki amsa, ko da mata ɗari na jiranki. Kuma kada ki ɗora wa mutum laifi a gaban jama'a alhali ba ki bincika ba. Ke baƙuwa ce a can, ba kowa ne Malam Nasiru ba.

Da na ƙi gyaran gaske, sai na koma dabara. Na gano cewa in na haɗe leya-leyan suka zama shafi ɗaya, aikin na sauƙi, ram ɗin na numfasawa. Sai ya zame mini ɗabi'a, in jera mutum biyar in haɗe, in jera biyar in haɗe, in adana a kan fayil ɗin nan dai, don buɗe biyu a lokaci guda ma wahala ne. Na daɗe ina haka ba abin da ya faru, har na fara ba wasu masu hoto shawara, wai na samo sirri.

Sai ga Mama Tabita daga Unguwar Boro. Ba za ki manta ta ba, tsohuwar nan mai sanda da ke kiranki amaryata. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse, wani a Legas, wani a soja, wata ta yi aure a Filato, kuma tunda suka girma ba su taɓa tsayawa gaban kyamara tare ba. Ta zo da hotuna a ƙulle cikin ɗankwali, kowa nasa daban, ta ce in haɗa mata su wuri ɗaya, marigayin a tsakiya a zaune, kamar ranar Kirsimeti a ƙauye. Hoton marigayin guda ɗaya ne mai kyau a duniya, a wurin ƙaninsa a ƙauye aka aro shi, kuma mutumin ya ce a mayar masa da sauri. Na yi aikin da zuciya ɗaya. Na daidaita haske, na sa inuwa a ƙasa, har hannun ɗaya daga cikin 'ya'yan na ɗora a kafaɗar uban. Na haɗe, na adana, na mayar mata da hotunanta. Waɗanda na kwafa cikin kwamfuta da sikana kuwa na goge su, don had disk ɗin, ma'ajiyar injin, ya cika, manhajar na neman wurin juyawa a can duk sanda ram ya ƙare mata.

Ranar da ta zo karɓa ta daɗe tana kallo. Sannan ta nuna da yatsa ta ce, "Ɗana, aikin ya yi kyau. Amma wannan da ka sa a hannun daman babansa, auta ne. Babban ka kai shi can gefe kamar baƙo. In ya zo ya ga haka a bangon falo, zai ce ni na sa ka."

Na duba, gaskiyarta. Autan ya fi tsawo da ƙiba, ni kuma ban tambaya ba. Da leya-leyan na nan, kafin ta gyara zama na sauya musu wuri. Amma na riga na haɗe, kowa ya manne da ɗan'uwansa, bayan kowa babu komai. Na roƙa a sake kawo hotunan, na 'ya'yan suka dawo, na marigayin bai dawo ba, ƙanin ya ce sau ɗaya ake aro. Haka na zauna ina yanka ina faci. Na sauya musu wuri, amma har yau in kin shiga falon Mama Tabita kika lura, yatsun da ke kafaɗar marigayin na autan ne, hannun kuma na babban. Ita ba ta gani ba, ko ta gani ta rufa mini asiri. Ni dai duk sanda na gaishe ta a coci sai na tuna.

Don haka ki riƙe wannan. Fayil mai leya daban, wanda za a buga daban, kada ki taɓa adana ɗaya a kan ɗaya, ko da mai aikin ya rantse ya gamsu. Mutane sai sun kai hoto gida suke ganinsa da kyau. In aka kawo miki hoton iyali, ki tambayi wane ne babba, wace ce matar wa, wa ke raye wa ya rasu, kafin ki taɓa komai. A can al'adarsu daban ce da tamu, tambayar ma sai ta fi yawa. In kuma aiki ya fi ƙarfin injin da aka ba ki, ki je ki faɗa wa oganki tun da wuri. Kada ki rage girman hoto a ɓoye don ya shiga, ranar bugawa fuskar mutum za ta fito kamar an jiƙa ta, kuma sunanki za a kira.

Za ki ce, to Baba, bayan duk wannan me ya hana ka canja sistem ɗin? Kin sha tambayata, ni kuma kullum amsata ɗaya, sikana. Gaskiya ne, ba ƙarya na yi miki ba. Tsohuwar sikanar nan, 'yar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, wadda suke kira direba, ta sistem na talatin da biyu ce kawai, masu ƙera ta ba su yi wa na sittin da huɗu ba. In an canja, sikana ta zama kwalliya. Kuma mamanki ce ta saye ta da adashinta, ita ke zama a gabanta tana goge gilashin da gefen zaninta, tana faɗa da ni in na ɗora kofin shayi a kai. Bayan rasuwarta, jin ƙarar sikanar nan tana tafiya tana dawowa yana sa in ji shagon bai zama kango ba. Wannan ba abin kunya ba ne, ba zan ce kuskure ne ba. Kuskuren shi ne wanda ya biya kuɗin wannan ƙauna tawa, domin ba ni ba ne, ke ce.

Da kika gama makaranta kika zauna a shago, sai kika koyi lallaɓa injin fiye da ni. Ke kika gano a raba babban fileks gida-gida, a gama kowane yanki daban, sannan a ɗinke su a ƙarshe. Ke ke rufe duk wata manhaja kafin ki buɗe ta hoto, ki rage yawan matakan da take tunawa na komawa baya, ki share had disk don ta samu wurin juyawa. Aikin da a shagon wasu yini ɗaya ne, ke sai ki kwana biyu a kai. Ni kuma ina zaune ina yabonki a gaban kwastoma, wai 'yata injiniya ce. Yabo ba ya biyan shekaru. Ƙawayenki na koyon sababbin abubuwa, ke kina koyon yadda ake roƙon tsohon sistem ya ba ki giga biyu. Har kika kai ga yarda cewa shagon ba zai tafi ba sai da ke, kuma ni na bar ki kika yarda. Duk inda kika je a rayuwa, ki lura da wannan. In kika ga kin zama facin wani abu da mai shi ya ƙi gyarawa, ko ogan aiki ne, ko miji, ko uba, ki taimaka, amma ki buɗe baki ki ce a gyara. Wanda ake yi wa faci ba ya jin zafin yagewar.

Yanzu ga abin da ban faɗa miki a waya ba. Bayan tafiyarki na kwashe duk ayyukanmu na zuba a had disk na waje, na sake zubawa a wani, don tsoron fomat ɗin nan bai bar ni ba. Na ɗauki injin na koma Tudun Wada. Malam Nasiru ya yi furfura shi ma. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Oga Yohanna, ai na ɗauka sai a lahira za mu yi wannan aikin." Ya ɗora na sittin da huɗu. Na ce ya mayar mini da tsohuwar manhajata da na saba da ita, ya ce a'a, ita ma ta talatin da biyu ce, ko a sabon sistem ba za ta wuce giga huɗu ba, kada in sake yin rabin gyara. Wannan karon na bi maganarsa. Da ya kunna ya nuna mini, takwas. Ram ɗin nan da na zage shi a kai, duk shekarun nan rabinsa na kwance a cikin injin bai taɓa yin aikin ko sisi ba.

Sikana na cire ta, tana kan kantar shago, ban yar ba. Tsofaffin hotuna yanzu a kan tebur nake shimfiɗa su kusa da taga in ɗauka da kyamara, kuma suna fita fes. Sabuwar manhajar ta sauya wa wasu abubuwa wuri, ina lalube kamar baƙo a kicin ɗin wani, amma ina samu. An kawo fileks na jana'izar wani dattijo, da 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, kowa a kan leyarsa. Ban raba ba, ban haɗe ba, akwatin nan bai fito ba ko sau ɗaya. Ni kaɗai na gama, an buga, sun karɓa sun yi godiya. To kin ji, aikin bai gagare ni ba.

Abin da ya gagare ni daban ne, kuma tunda na fara faɗin gaskiya bari in ƙarasa. A da in aka danna a adana babban aiki, sai mu janye hannu mu jira, don ko linzamin kwamfutar aka taɓa injin na iya sumewa. A wannan jiran kike ba ni labarin 'yan kwayar cocinmu da rigimarsu, in ba ki na ƙauye, mu ɓare gyaɗa, ki yi mini tsiya a kan rubutuna. Ban taɓa lissafa shi a matsayin komai ba, sunansa jiran kwamfuta. Yanzu ina dannawa ya gama. Na juya in yi magana, sai kujera. Aikin yini na ƙarewa rana na tsaka, sauran yinin in zauna a bakin shago ina kallon masu keke suna wucewa. Anya ba wannan ne ya sa na riƙe tsohon sistem ɗin ba, fiye ma da sikanar? Ban sani ba. Na dai san ina kewarki ƙwarai, gidan ya yi mini girma, kuma abinci ba ya daɗi in mutum shi kaɗai ke ci.

Na faɗa miki ne don kada ki ji muryata a waya ta yi sanyi ki ɗauka aiki ne ya tsaya, ki kama haɗa jaka. Ba aiki ba ne. Kaɗaici ne, kuma nawa ne, kowane uba da Allah ya ba tsawon rai yana ɗaukar irinsa. Na fara zuwa zumuntar maza da na daina, jiya ma har gida suka rako ni. Ke ki zauna ki koyi aikinki, ki riƙe kujerarki da hannu biyu. In sun ba ki hutun Kirsimeti ki zo mu ci shinkafa, ba zan bari ki taɓa kwamfuta ba. In ba su ba ki ba, ki zauna, zan ci tawa in kira ki.

Ki nemi coci kusa da inda kike, ki riƙa cin abinci a kan lokaci, ki riƙa ɗaga ido daga fuskar kwamfuta kina hutar da shi. Ubangiji ya sa miki albarka ya kiyaye ki, ya ba ki farin jini a wurin waɗanda kike yi wa aiki, ya tsare ki a hanya da cikin gida, a ruwa da tudu. Ya sa duk ranar da za ki shigo Kamazou ki shigo da ƙafarki, cikin lafiya, don kin ga dama. Amin.

Ni ne babanki,
Yohanna